Kogin Saman Bene

"Saki wuyanki," in ji tsohon. "Kin ƙanƙame jiki kamar wadda za a yi wa allura."

Yarinyar tana kwance rigingine a kan wani dogon benci a saman bene, hannuwa a buɗe, ƙafafu a miƙe. A idonta akwai tabarau na ninƙaya, shuɗi, wanda igiyarsa ta tsinke aka ɗaure da zare. Tsohon ya zura tafin hannunsa a ƙarƙashin bayanta, tsakanin riga da katako, yana ɗaga ta kaɗan yana saukewa.

"Yanzu kunnuwanki suna cikin ruwa. Me kike ji?"

"Janareton Tela."

"Wannan ai hayaniyar bakin gaɓa ce. Ƙara saurarawa."

Ta saurara tsakaninta da Allah. Can ta ce, "Kaka, ni fa bayana zafi yake yi."

"To taso, matsoraciya. Yau ma kin nutse."

Tarwaɗa yake ce mata don ba ta kamuwa, kuma sunan ya bi ta har mutanen gidan sun manta na gaskiyar. Abin dariyar shi ne wannan tarwaɗar, da shekarunta bakwai a duniya, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi duro girma a kusa ba. Shi kuwa Mai Fito ake ce masa, ko da yake a cikin 'yan hayar gidan babu wanda ya taɓa ganin kwale-kwalensa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsallakar da mutane da awaki da buhuna a wani kogi mai nisa, har kogin ya fara ramewa, shi ma ya fara. Da matarsa ta rasu, 'yarsa ta je ta ɗauko shi ta kawo shi ɗaki biyu a hawa na uku, inda taga ke kallon bangon wani gidan.

"Kaka, kogin naku duro nawa ne?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Duro? Ki tattaro duk duron da ke garin nan ki juye masa, ba zai ma san kin zo ba."

"Kai Kaka, ka cika ƙari."

"Tambayi uwarki. A tafin hannun nan ta koyi kwanciya a kan ruwa, ita da ƙannenta da 'ya'yan maƙwabta. Duk wanda ya fito daga tsatsona sai da na kwantar da shi a kan ruwa na zare hannuna. Ke kaɗai kika rage, kuma ba zan tafi in bar ki haka ba."

"Ina za ka?"

"Ke dai kin cika tambaya."

Hutun makaranta ne, zafi kuma ya kai inda ko ƙadangaru sun daina fitowa. Daga saman benen ana hango rufin kwano a jere har ƙarshen gani, suna rawa a cikin rana. In tsohon ya ɗan lumshe ido sai kwanukan su narke su zama ruwa, eriyoyi su zama ciyawar bakin gaɓa, har yakan ji ƙamshin laka a hancinsa. Can gefe, bayan wata doguwar katanga, akwai sabuwar unguwa koriya shar, da otal a tsakiyarta, da wani shuɗin fili mai kusurwa huɗu yana ƙyalli. Bai cika kallon wajen ba. Abin da yake kallo yana nan kusa, a kusurwar benen: wani tsohon bahon wanka na ƙarfe, fari, dogo, da wani ɗan haya ya bari tun kafin su zo. Ya riga ya auna shi da ido, ya ga zai ɗauki Tarwaɗa har da 'yar ragowa.

* * *

A gidan Umma, kowane ruwa rai uku gare shi. Umma ita ce uwar Tarwaɗa, 'yar Mai Fito, mai aikin wanki a otal ɗin bayan katanga. Mijinta direban babbar mota ne wanda hanya ta fi iyalinsa ganinsa, don haka ita ta kafa dokar, ita ce kuma alƙali. Rai na farko shi ne ruwan duro, na sha da girki da wanka. Mai wanka a cikin roba zai tsaya, abin da ya taru ya shiga rai na biyu, a wanke tufafi da shi. Ruwan wankin ya goge ƙasa, sannan a kai shi bayi ya ƙarasa ransa na uku. Ko ƙanƙarar da ta narke a cikin kula tana da inda za ta. Tarwaɗa ta taɓa zubar da rabin kofi ta taga don kawai ta ga yadda zai faɗi, kuma har yau ba ta manta abin da ya biyo baya ba.

Ba rowa ba ce. Bututu ɗaya ne ke shayar da tsohuwar unguwa da sabuwa, kuma a mahaɗar titi akwai wani murfin ƙarfe a ƙasa. Wani mutum yakan zo da doguwar sandar ƙarfe ya zura ya juya. In ya juya dama ruwa ya zo musu, in ya juya hagu ya tafi bayan katanga. Mai Makulli ake ce masa. Mutanen bayan katanga sun iya gaishe shi, irin gaisuwar da ake yi da hannu a dunƙule, shi ya sa hannunsa ya saba da hagu. Tun da zafin bana ya shigo, famfon Umma sai dai ya yi gyaran murya ya koma ya yi shiru.

Duk da haka, kowace safiya sai rediyo ta yi musu wa'azi. Wata murya mai sanyi takan ce a more hutun bazara ba tare da ɓarnar ruwa ba, a rufe famfo lokacin goge baki, a rage daɗewa a shawa, a lulluɓe wurin ninƙaya in ba a amfani da shi.

"Mun ji, ranki ya daɗe," Umma takan ce wa rediyon tana ɗaura ɗankwali. "Yau ma za mu rage daɗewa a shawa."

Mutum ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba. Da farkon zafi likita ya duba Mai Fito ya ce ƙodarsa ta gaji, kada a bar shi da ƙishi ko na yini ɗaya. Tun daga ranar Umma takan cika masa manyan goruna biyu daga saman duro, inda ruwan ya fi kwanciya, ta ajiye a gefen katifarsa kafin ta fita. Ita kanta ba ta sha a gida sai ta isa wurin aiki.

Sai ga shi wata rana ta dawo ta tarar duro ya yi ƙasa da bokiti guda, matakala kuma da ɗigon ruwa har sama. Ta bi ɗigon ta same su tsaye a kan bahon, tsoho da jika, suna kallon yadda ragowar ruwan ke zurarewa ta ramin gindinsa.

"Baba, bokiti guda?" in ji ta. "Ruwan girkinmu fa ke nan."

"Ramin na manta da shi," ya ce a hankali. "'Yar nan, yarinyar nan ba ta san ruwa ba. Hutu ne, yara suna can suna wasa."

"Yaran da iyayensu ke da shi. Mu ba mu da ruwan wasa, Baba. Don Allah ka rufa mini asiri."

Washegari ta sayo ƙaramin kwaɗo ta garƙame murfin duron, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ta ji kunyar abin, kunya sosai, don ba ta taɓa zaton za ta kulle wa ubanta ruwa ba, shi da ya rene ta a kansa. Don ta lallashi Tarwaɗa ne ta kawo mata tabarau ɗin nan da wani yaro ya yar a otal. Mai Fito kuwa ya roƙi Tela, mai shago a ƙasan benen, guntayen tsumma da tsohon kyandir.

* * *

Ya toshe ramin yadda yake toshe kwale-kwale. Ya murɗa tsumma ya tura da tsinke, ya narka kyandir ya bi kai, ya bari ya daskare ya sake bi. Ya goge cikin bahon da busasshen ƙyalle har ya yi haske. Ya sa Tarwaɗa ta kwanta a ciki, ya dubi kaurin jikinta, ya ja layi da gawayi a jikin ƙarfen.

"In ruwa ya kawo nan, zai ɗauke ki."

Sannan ya buɗe gorarsa ta farko, ya kurɓi kaɗan, ya juye sauran. Ruwan ya bazu a ƙasan bahon, bai ko rufe shi ba.

"Kaka, Umma ta ce ka shanye."

"Ba ki ga na sha ba?"

"Kurɓa ɗaya ka yi."

"Ni da na shekara da shekaru a kan kogi? Ruwan da na sha a rayuwata ya ishe ni har in ba da aro. Yana nan a cikina, zo ki ji." Ya girgiza ciki, ta kara kunne, ta rantse ta ji yana motsi.

Da ta ɗauko kofinta za ta ƙara, sai ya riƙe mata hannu. "A'a, ke shanye naki a gabana. Ba na koya wa mai ƙishi iyo."

Suka shimfiɗa leda a kan bahon, suka ɗora wata tsohuwar ƙofa, don ya ce rana ma ɓarauniya ce. Ya ce abin sirri ne tsakaninsu, ranar da ya cika za su kira Umma ta ga abin mamaki.

Haka hutun ya riƙa tafiya. Da Umma ta fita sai su hau, shi a gaba yana dafa bango, ita a baya da gorunan. Su ture ƙofar, sama ta sauko ta kwanta a cikin bahon da gajimarenta. Bai yarda ta sa ko yatsa ba, ya ce ruwan da aka taɓa yana saurin lalacewa, don haka sai dai ta sa tabarau ta leƙa. Gefen kan bahon ya zama ƙauyensu, gefen ƙafa ya zama kasuwa. Murfin gora ya zama kwale-kwale, tsinken ashana ya zama fasinja mai ciniki da yawa wanda kullum yake cewa ya manta jakarsa a ɗaya gaɓar. Tsohon yana hurawa a hankali, murfin yana tafiya, yana ba ta labarin saniyar da ta ƙi shiga jirgi ta bi su da iyo, da safiyar da hazo ya sauka a kan kogin har ya yi ta tuƙi bai san ko a ruwa yake ko a sama ba. Tarwaɗa takan kwanta a kan benci tana jinsa, har benci ya fara lilo a ƙarƙashinta.

Ruwan yana hawa a hankali, tsohon kuma yana sauka. Matakalar ta ƙara masa tsawo, sai ya zauna a tsakiya ya huta. Harshensa ya yi nauyi. Wani lokaci yakan dubi Tarwaɗa ya ce, "'Yar nan, kin ɗaure kwale-kwalen kuwa?" yadda yake ce wa uwarta a da. Ita kuwa takan ce ta ɗaure, don ta ɗauka cikin wasan ne.

Da yamma Umma takan ɗaga gorunan ta ji su wayam, daɗi ya kama ta.

"Yauwa Baba, haka nake so."

"Ai ba na wasa da maganar likita," yakan ce, yana kallon bango.

* * *

Ɗakin wankin otal ɗin a ƙarƙashin ƙasa yake, da 'yar taga daidai da ciyawa. Ta nan Umma take ganin ƙafafun yara a guje, da na'urar da ke juyawa tana fesa ruwa tun safe har tsakar rana, rabi a ciyawa, rabi a kan siminti. Otal ɗin ya buɗe ajin ninƙaya na hutu, don haka ƙananan tawul masu hoton agwagwa suka yi yawa. Yaro zai goge fuska sau ɗaya ya yar, a kawo wa Umma, inji ya sha ruwan da zai ishi gidanta yini guda don ya wanke abin da bai yi datti ba. Wani lokaci takan kara tafin hannu a gilashin injin tana kallon ruwan yana juyi, sai hankalinta ya tafi. Ta ji rana a kan fatar idonta, kunnuwanta a cikin sanyi, wani faffaɗan hannu a bayanta wanda ba ta san lokacin da aka zare shi ba. Sai injin ya yi ƙara, ta dawo ta kwashe tawul.

Ta taɓa roƙon shugabar ɗakin wanki ko za a bar Tarwaɗa ta shiga sau ɗaya, bayan kowa ya watse. Shugabar ta dube ta da tausayi na gaske.

"Ke ma kin sani. Ko jarka ba a bari mu fita da ita, balle mu shigo da yaro."

Rannan wani baƙo ya yi ƙorafi ruwan wurin ninƙayar ya yi duhu, aka ce a zubar a sake. Umma ta tashi daga aiki ta tarar da shi yana gudu a kwata, yana warin magani, yana bin gindin katanga har ya ɓace a ƙarƙashin titi. Ta daɗe tana kallonsa. A inuwar bakin ƙofa Mai Makulli na zaune, sandarsa a jingine, yana shan lemo mai sanyi.

"Malam, sannu da hutawa. Mu kam yaushe za mu gani?"

"Wace unguwa?"

Ta nuna da haɓa.

"Ai baiwar Allah, ruwan ne ya yi ƙaranci a ko'ina. Ga shi yanzu ma an ce sai an cika nan tukuna. Ku dai ku riƙa tattali."

"Muna da tsoho marar lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya," ya ce. Kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, sannan ya kai kwalbar baki.

Ta isa gida ta tarar Baba ya kwanta tun rana ba ta faɗi ba. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa. Ta shafa masa mai a leɓen, ta ɗaga gorunan, babu komai a ciki. Ta ce a ranta zafi ne, zafin bana ba wanda ya bari. Ta leƙa duro ta ga ya kusa ƙasa, ta yanke shawarar ita za ta daina wanka a gida don kada gorunan Baba su ragu.

* * *

Ranar da abin ya faru ko ganye ba ya motsi. Mai Fito ya hau matakala yana dafa bango, amma a wurinsa ba hawa yake yi ba, gangaren bakin kogi yake sauka, laka mai sanyi tana shiga tsakanin yatsun ƙafarsa. Tarwaɗa ta ture ƙofar. Ya juye gorunan, ya jira ruwan ya kwanta, ya aza yatsu tsakaninsa da layin gawayi.

"Saura yatsa biyu."

"Gobe ke nan?"

"Jibi dai, in rana ba ta yi mana sata ba."

Ya zauna ya jingina da bahon, sanyin ƙarfen yana ratsa bayansa. Kwanukan garin suka narke ba tare da ya lumshe ido ba. Ruwa ya taso ya shafe tituna, ya shafe murfin ƙarfen mahaɗa, ya shafe katangar, koriyar unguwa da busasshiyar suka zama abu ɗaya. Can a ɗaya gaɓar mutane na tsaye da kaya a ka suna ɗaga masa hannu, ya gane matarsa a cikinsu da mayafinta ruwan ƙasa. Suna kiransa yadda suka saba, suna jan sunan. Ya ce musu yana zuwa, su ɗan yi haƙuri, akwai yarinya ɗaya da ta rage.

Tarwaɗa ta zaci barci ne. Ta yi wasa da murafen gora har ta gaji, ta ja masa gemu bai tanka ba, ta ƙara ja da ƙarfi. Sannan ta sauka a guje ta kira Tela.

Umma ta iske su a asibitin unguwa, rigar aiki a jikinta. Nas ta kama fatar bayan hannun tsohon ta ɗaga ta saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba.

"Yaushe rabon bawan Allahn nan da ruwa?"

"Goruna biyu yake shanyewa kullum. Ni nake cika masa da hannuna."

Nas ta yi mata kallon da ake yi wa 'ya'yan da suka yi sakaci da iyaye suka zo suna kare kai. Ta ga irinsu da yawa a bazarar nan. Ta rataye ledar ƙarin ruwa ta shiga neman jijiya, ta daɗe tana nema.

Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya bi siririn bututun da kallo har zuwa ledar da ke rataye, hasken taga yana ratsa ta.

"Wannan na waye?"

"Naka ne, Baba. Kwanta."

"Mai kyau ne. Garai-garai." Ya yi ƙoƙarin haɗiyar yawu, babu. "Kada ku ɓata shi a kaina. Ku kai mata sama, saura yatsa biyu."

"Sambatu ne," in ji nas. "Haka suke yi."

Umma ta yarda, ta ci gaba da yi masa fifita. Bai sake magana ba, kuma kafin hantsin washegari rai ya yi halinsa.

* * *

Aka kawo shi gida. Maza suka taru a ƙasan bene, mata suka cika ɗakin Umma. Can sai Tela ya hawo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Maman Tarwaɗa, sai haƙuri. Ruwa mai tsabta muke nema a yi masa wanka. Na zaga gidan nan, kowa ƙasan duro yake kankara. Masu sayarwa ma yau ba a ga ko ɗaya ba."

Umma ta kwance makullin ta buɗe kwaɗon. Abin da ke ƙasa bai kai rabin bokiti ba, ja ne, da laka a ciki. A gefe robobin rai na biyu da na uku suna jere da kumfarsu. Tana tsaye tana kallonsu sai ta ji an ja mata zani. Tarwaɗa ce, tabarau a goshi.

"Umma, Kaka ne yake son ruwa?"

"Shi ne."

"Ya ce kar in faɗa sai ya cika. Amma tunda shi yake so, zo ki gani."

Suka hau. Umma ta ture tsohuwar ƙofar, ta yaye ledar. Ruwa ne kwance, garai-garai, sama a cikinsa, murafen gora biyu suna shawagi a gefe. Ta ga layin gawayi. Ta ga ramin da aka toshe da kyandir, aikin hannun da ta sani tun tana ƙarama. Ba sai da aka yi mata bayani ba. Duk yammacin da ta ɗaga gora ta ji ta wayam ta ce yauwa Baba ya dawo mata lokaci guda, kwaɗon kuma yana nan a hannunta. Ta durƙusa. Baƙin ciki ya cika ta, da haushin tsohon, da haushin kanta wanda ya fi kowanne. Can bayan katanga shuɗin filin nan ya sake cika har baki.

"Saura yatsa biyu, Umma. Amma in na saki jiki sosai, ko a haka ma zan iya."

Umma ta dubi ruwan ta dubi yarinyar, ta ga gaskiya ne, zai iya ɗaukarta. Ta san inda ake sa hannu, bayanta bai manta ba. Ɗan lokaci kaɗan zai isa, kuma ta san abin da tsohon zai ce da za a tambaye shi. Amma ruwan da mutum ya kwanta a ciki ya shiga rai na biyu, ita ta kafa dokar. Ta kulle wa ubanta ruwa yana da rai, ba za ta iya sallamarsa da ragowar wanka ba.

Daga ƙasa muryar Tela ta taso. "Maman Tarwaɗa, rana tana yi."

"Ku hawo da bokitai," ta ce.

Suka kwashe da bokiti, da ya yi ƙasa suka koma kofi. Tarwaɗa ba ta yi kuka ba, ta dai tsame murafenta ta riƙe. Umma ta sauko ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da ake yi wa Baba wanka tana jin ruwan yana zuba a ciki, yana bin bututu zuwa kwata. Hannunta ya motsa da kansa zai nemi robar tarewa, ta danne shi a kan cinya. Tun da ta tare a gidan, shi ne ruwa na farko da ta bari ya fita da rai ɗaya.

Bayan an fita da shi, gidan ya yi shiru, ta nemi Tarwaɗa ta rasa. Ta same ta a sama, kwance rigingine a cikin bahon, tabarau a ido, hannuwa a buɗe iya inda ƙarfen ya bari, wuya a sake.

"Umma, sa mini hannu."

Ta durƙusa ta zura tafin hannunta a ƙarƙashin bayan yarinyar. Ƙarfen ya riga ya fara zafi.

"Ki tambaye ni me nake ji."

"Me kike ji?"

Tarwaɗa ta saurara tsakaninta da Allah. Janareton Tela a kashe yake yau. Daga bayan katanga iska ta kawo 'yar ƙarar na'urar nan tana juyawa tana fesa wa ciyawa.

"Ina jin ruwa," ta ce. "Amma na can ne."

Umma ba ta zare hannunta ba. Ɗan danshin da ya rage a ƙasan bahon yana ta ƙanƙancewa, layin gawayin kuma yana nan inda tsohon ya ja shi.